Yaro fuskar gwaninsa yake dubawa

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, mu ji tsoron Allah game da ƴaƴanmu. A shekarar 2010, a Amurka, an nuna shahararren ɗan ƙwallon kwando, Kobe Bryant, riƙe da bindiga cikin tallar wasan bidiyo na yaƙi, Call of Duty: Black Ops, wanda aka keɓe wa masu shekara 17 zuwa sama. Wasu suka ce wasa ne kawai, wasu suka ce yara na kallo. Lalle yaro ba ya karanta gargaɗi, fuskar gwaninsa yake dubawa. Saboda haka kada mu miƙa masa salula mu juya baya. Mu zauna mu ga wasan da yake yi, domin amana ne, kuma za a tambaye mu ranar Lahira. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.