Dangana a Gaɓar Shuɗin Nilu

Duk yaron da ya taɓa kai wa tsaka cafka ya san yadda take bar masa wutsiya a hannu ta shige rami. A Bahar Maliya, wadda alhazan ƙasar Hausa suka riƙa tsallakewa daga Suwakin zuwa Jidda, akwai wata halitta da ta fi tsaka gwaninta a wannan fage. Tauraron teku ake ce masa, saboda hannayensa, galibi biyar, sun bazu kamar zanen tauraro. Ba kifi ba ne, ba shi da ƙwaƙwalwa. Idan kaguwa ta damƙe masa hannu, sai naman gindin hannun ya yi laushi nan take, ya saki hannun da kansa.

Asarar ba ƙarama ba ce, don a cikin kowane hannu akwai wani sashe na kayan cikinsa da na haihuwarsa, a ƙarshen hannun kuma akwai ɗan ido mai gane haske. Amma jikin ba ya tsayawa jimami. Tsoka za ta tsuke bakin raunin, wasu ƙwayoyi da ke yawo a ruwan jikinsa su taru su toshe kafar, fata ta rufe. Sai bayan miki ya rufe sannan wani ɗan tsiro ya leƙo, kuma ƙarshen hannun ne yake fara fitowa, sauran ya biyo baya. Aikin kan ci watanni, wani lokaci ya haura shekara. A dangin da ake kira Linkiya, hannun da ya yanke ma yakan tsirar da jiki sukutum.

Wannan hali shi Bahaushe ke kira dangana, halin da aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutane na ɗaukarta tamkar mutuwar zuciya, alhali mai dangana ya fi kowa aiki. Ya yarda abin da ya tafi ya tafi, sai ya tattara ƙarfinsa kan abin da ya rage.

Tarihin ƙauyukan Hausawa na Sudan shaida ne. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, dubban mutane suka bi shi, manoma da malamai da sarakuna, har aka ritsa da su a Burmi, inda aka kashe shi ranar 27 ga Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, bai juya ya nemi gadon sarautar Sakkwato ba. Ya ja ragowar jama'ar, Fulani da Hausawa, suka ratsa ƙasar Chadi da Darfur har bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Garin da suka kafa har gobe sunansa yake amsawa.

Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira, sai ga aiki yana neman hannu. Maniyyata da guzuri ya ƙare musu a hanya, da waɗanda suka dawo daga Makka ba su da halin komawa gida, suka shiga tsinkar auduga da shema da gyaran magudanai. Wasu suka kama su a kogi, wasu noman bakin ruwa, wasu suka ɗora tukuba. Agashen da 'yan birnin Hartum ke rububi a yau daga hannunsu ya fito. Mutumin da ya bar Kano da niyyar shekara biyu ya wayi gari da jikoki a Wad Madani, kuma bai zauna yana lissafin gonar da ya baro ba.

Sai dai akwai danganar da ake tallata wa talaka wadda guba ce. Mai ƙarfi yana son wannan wa'azi, don shi ke amfana da shirun wanda ya cuta. A nan ma tauraron teku yana da abin nunawa. A 1882, a garin Masina na Italiya, masanin nan ɗan Rasha Iliya Mecnikof ya soka ƙaya a jikin jaririn tauraron teku. Washegari ya tarar ƙwayoyin jikin sun yi wa ƙayar ƙawanya. Daga nan ya gano yadda jiki ke yaƙar baƙon abu, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1908. Hannun da ya tafi ana haƙura da shi, amma ƙayar da ke cikin nama jiki bai taɓa ƙyale ta ba.

Hausawan Shuɗin Nilu sun san bambancin. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakaninsu da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu kan batun ba su sarautar gargajiya tasu da kuma mallakar ƙasa. Mutum fiye da 100 suka mutu, dubbai suka bar Rusairis da kewayenta. Ba su yi shiru ba: sun fito zanga-zanga a Hartum da Kasala da Fot Sudan. A Oktoba jini ya sake zuba a Wad al-Mahi. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF a Afrilun 2023 kuma ya tarar da miki bai rufe ba, har RSF suka kama Wad Madani a Disamba, soja suka ƙwace shi a Janairun 2025.

Wanda ya rasa gida da jari zai dangana ya sake gini, kamar yadda kakanninsa suka yi. Abin da bai kamata a nemi ya haƙura da shi ba shi ne zaman kanabi, unguwannin leburori da ke gefen gonakin Jazira, inda Hausawa da mutanen Darfur suka haifi 'ya'ya da jikoki. Shekara 100 da buɗe gonar, da yawansu ba su da takardar filin da suka kafa bukka a kai.