Ashe, Labarin Zuciya A Tambayi Fuska?

Akwai wata magana da ta daɗe tana damunmu, muna so mu shimfiɗa ta a gabanku cikin wannan wata. Ta faro ne a bakin ƙofar majami'armu a nan Sakkwato, wata ranar Lahadi cikin hunturu, bayan an tashi sujada.

Muna tsaye muna gaisawa da jama'a kamar yadda muka saba, sai ga wata baƙuwa daga ƙasar Zuru, tana riƙe da hannun 'yarta, yarinya mai kamar shekara tara. Yarinyar ta ja gyale ta rufe fuskarta har bisa hanci. Uwar ta durƙusa ta ce, "Baba Fasto, ina kwana?" Yarinyar ma ta durƙusa, sai gyalen ya zame. Kuncinta na hagu ya cinye, ana ganin haƙoranta daga waje. Ba za mu ɓoye muku ba, kafin mu san abin da muke ciki, idonmu ya riga ya kauce. Muka amsa gaisuwar uwar, muka tambaye ta gajiyar hanya, muka sa mata albarka, amma ko kalma ɗaya ba mu ce wa yarinyar ba. Daga baya wani dattijon ekklesiya ya faɗa mana, bencin da suka zauna a kai mutum shida yake ɗauka, amma su biyu kaɗai suka zauna har aka tashi, ga mutane kuwa a tsaye a baya.

Ciwon da ya ci fuskar yarinyar nan, mutanen karkara sukan ce da shi ciwon iska, likitoci kuwa suna kiransa noma. Ba noman gona ba ne. Kalmar Helenanci ce, asalinta cin da dabba ke yi a makiyaya, ita ce kuma Bulus ya mora cikin 2 Timothawus 2:17 wajen kwatanta yaɗuwar mugun gyambo. Yakan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan baƙon dauro ko zazzaɓi. Daga dasashi yake farawa, cikin 'yan kwanaki ya ci kunci da leɓe, wani lokaci har hanci. Idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma sukan mutu, alhali kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da shi idan an gano shi da wuri. Ba a ɗaukarsa ta wurin zama kusa da mai shi. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominsa a cikin garin nan, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shiga taimakon asibitin a 1914 da ɗari, watau 2014. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Nijeriya ce kuwa ta ja gaba wajen roƙon. Wurin wannan asibiti uwar ta kawo 'yarta.

To, ga abin da ya hana mu barci. Wane ne ya kau da idonmu? Ba mu yi niyya ba, ba mu yi shawara da zuciyarmu ba. Idan kuwa haka ne, laifi ne a kanmu, ko ba laifi ba ne?

Masanan ƙwaƙwalwa sun binciki wannan al'amari ƙwarai, abin da suka samu kuwa ya isa mai bi ya yi mamakin aikin Mahalicci. A 1975, a Amurka, aka gwada jarirai waɗanda ba su kai sa'a ɗaya da haihuwa ba. Aka nuna musu allo mai zanen ido biyu da hanci da baki, aka kuma nuna musu wani wanda aka birkita zanen. Jariran suka fi juya kai su bi mai kama da fuska. Watau tun ba mu san nono sosai ba muke neman fuska. A 1997 wata masaniya, Nancy Kanwisher, da abokan aikinta suka nuna wani ɗan wuri a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wajen bayan kunne, wanda yakan tashi da aiki idan ido ya ga fuska fiye da idan ya ga gida ko hannu. A 2001 aka sami wani wurin dabam wanda aikinsa duban jiki ne, da ƙirarsa da gaɓoɓinsa. Kowa ya san amfanin wannan. A cikin cinkoson Kasuwar Kara, da ƙura da shanu, kakan hangi ɗan'uwanka daga nesa ka gane shi ta wurin tsayuwarsa tun fuskarsa ba ta bayyana ba. Wanda kuwa wurin gane fuska ya lalace masa, ya shiga wahala. Wani likitan Jamus, Joachim Bodamer, ya ba da labari a 1947 na wani saurayi da harsashi ya same shi a kai. Idonsa lafiya lau, amma ba ya gane fuskar danginsa, sai sun yi magana ya gane murya.

Har nan dai kyauta ce. Amma ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa kan gane wane ne wannan. Nan take takan zarce ta yanke hukunci a kan halinsa. A 2006, a jami'ar Princeton, Janine Willis da Alexander Todorov suka riƙa nuna wa mutane hotunan baƙin fuskoki na tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ko ƙiftawar ido ba ta fi wannan sauri ba. Sa'an nan suka tambaye su, wannan mai amana ne? Wannan mai faɗa ne? Mutanen suka amsa, amsarsu kuwa ta yi kusa da ta waɗanda aka bar su su duba yadda suka ga dama. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, da aka ƙara musu lokaci, hukuncin bai sake sosai ba, sai dai sun ƙara tabbatawa suna da gaskiya. Todorov da kansa ya yi gargaɗi, cewa yardar mutane da yawa a kan wata fuska ba ta nuna sun faɗi daidai.

A nan wani zai ce, ai kakanninmu sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. I, sun faɗa, ba kuwa ƙarya suka yi ba. Idan mace ta shigo majami'a idonta ya kumbura, kafaɗunta sun faɗi, ba sai an gaya maka akwai damuwa a gidanta ba. Fuska takan ba da labarin abin da ke cikin zuciya a wannan sa'a, baƙin ciki ne, ko fushi, ko murna. Amma faɗin goshi, da kaurin leɓe, da tabon ciwo, ba su san kome ba game da amana ko cin amana. Kakannin nan kuwa su ne suka yi zancen kyan ɗan maciji. Annabi Samuila ma, tsoho mai ji daga wurin Allah, da ya ga tsawon Eliyab da kyan ƙirarsa a gidan Yesse, ya gama naɗa shi sarki a zuciyarsa kafin Ubangiji ya tsawata masa. Idan idon annabi ya yi wannan gaggawa, ina namu?

Akwai kuma wani abu. Neman fuska da shi aka haife mu, amma yawancin fassarar da muke yi mata koya muka yi. Tsofaffin Sakkwato sukan dubi askar mutum su ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, wancan Bazamfare, su fara wasa da shi ko su kama kansu, tun bai buɗe baki ba. Yaro mai tarbiyya a wurinmu yakan sunkuyar da kai gaban babba, muna ce da wannan kunya. Bature kuwa ya ga haka sai ya zaci yaron yana ɓoye ƙarya. Ido ɗaya ne, makaranta ce dabam. Mu ma abin da muka ji a gindin murhu game da kutare da masu ciwon iska, shi ne ya zauna a bayan idonmu, ya yi aikinsa a ranar nan ba tare da ya nemi izini ba.

Saboda haka ga inda muka tsaya, ko da yake mun san waɗansu abokan aikinmu za su ga mun yi sassauci. Kaucewar ido ta fari, ba mu iya kiranta zunubi ba, gama ta riga nufi fita. Wanda ya ce shi bai taɓa jin haka ba, ko dai bai taɓa ganin irin wannan fuska ba, ko kuwa bai san kansa ba. Amma kaucewar nan ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, mu kuwa mun tsaya da matar nan wajen minti uku. Masu barin bencin nan sun yi sa'a biyu a tsaye. Duk abin da ya biyo bayan daƙiƙar fari namu ne. Mun sami sarari mu sake dubawa, ba mu duba ba. Wannan kam laifi ne, ba kuwa ƙwaƙwalwa za a kai ƙara ba.

Yaƙub ya yi wannan magana cikin sura 2 ta wasiƙarsa, inda ya tsawata wa ekklesiyar da ke ba mai kyakkyawar tufa wurin zama mai kyau, ta tura matalauci gefe. Kalmar da ya mora ta tara, a Helenanci, haɗin kalma biyu ce, fuska da karɓa. Watau mai tara shi ne wanda ya karɓi abin da fuska ta miƙo masa, ya riƙe, bai ƙara bincike ba. Ku lura kuma, abin da ya ambata wurin zama ne, abin da ake yi da hannu da baki bayan ido ya gama nasa.

Wani zai ce, Fasto, zamanin tsoro muke ciki. 'Yan bindiga sun addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, majami'u suna binciken jaka a bakin ƙofa, yaya za a ce kada mu yi aiki da ido? Ba mu ce a daina tsaro ba. A binciki jakar kowa, har ta mai babbar riga da ta matar fasto. A lura da abin da mutum ke yi. Amma mun ga an tsare Bafillace mai bi a ƙofa ana yi masa tambayoyi don siririn hancinsa da sandarsa, an bar wani ya wuce don ya sa kwat. Wannan ba tsaro ba ne. Mugu ma ya san inda ake sayar da kwat.

To, ina magani? A 2006 waɗansu masana biyu, Lasana Harris da Susan Fiske, suka duba ƙwaƙwalwar mutane sa'ad da suke kallon hotunan marasa gida masu kwana a titi da mashaya ƙwaya. Suka ga wurin da yakan yi aiki idan muna tunanin zuciyar wani mutum bai tashi sosai ba, sai wurin ƙyama, kamar dai abu ake kallo, ba mutum ba. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kada mu ɗora wa gwajin kaya fiye da ƙarfinsa. Amma a 2007 suka sake gwadawa, suka ce wa masu kallon su yi tunani ko mutumin da ke cikin hoton zai so wani irin kayan lambu. Da wannan 'yar tambaya, wurin nan ya tashi da aiki. Ashe ba za ka iya tambayar abin da mutum ke so ba, sai ka fara yarda akwai wani a bayan fuskar.

Mu Hausawa muna da wannan magani a bakinmu kullum, ba mu san darajarsa ba. Mene ne gaisuwarmu in ba tambaya ba? Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, yaya jiki. Baƙi sukan yi mana dariya don tsawonta. Amma gaisuwa tana tsayar da ƙafa, tana tilasta wa ido ya koma. Abin da muka hana yarinyar nan ke nan, abin da ko almajiri a bakin Hubbare yakan samu.

Ekklesiyar ƙasar nan kuwa ita ce ba ta da hujja ko kaɗan. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta fara riƙe asibitin kutare a Amanawa, kusa da garin nan, waɗansu daga cikin masu bi na fari a wannan ƙasa kuwa daga can suka fito, da dungulmin hannu suka riƙe littafin waƙa. Ubangijinmu, cikin Markus sura 1, yana da iko ya warkar da kuturu daga nesa da kalma, amma ya miƙa hannu ya taɓa shi. Ishaya kuma ya riga ya faɗi cewa za a ɓata kamannin Bawan Ubangiji har mutane su kau da kai daga gare shi. Mukan yi wa'azin wannan kowace Jumma'a Mai Kyau. Da ya shigo majami'armu da fuskar da ya sauko da ita daga gicciye, mutum nawa za su zauna a bencinsa?

Ran Laraba matan zumunta suka ce za su tafi asibitin gaishe su, muka bi su, da kunya. Mun shirya kalmomin ta'aziyya a hanya, amma wata tsohuwa cikinsu, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta riga mu. Ta zauna a bakin gadon, ta dubi yarinyar sosai, ta ce, "'Yata, ina kwana? Me kike marmari in kawo miki?" Yarinyar ta yi shiru, sa'an nan ta yi magana ta tsakanin haƙora, gama ciwon ya ƙage mata muƙamuƙi. Ta ce rake take so. Uwar ta ce shekara huɗu ke nan rabonta da tauna wani abu, sai kunu da fura. Muka gaishe ta mu ma, muka tambayi sunanta, muka roƙe ta gafara. Ta dube mu, da alama ba ta gane gafarar me ba, gama ta saba.

Suka yi Lahadi biyar tare da mu. An yi mata aiki na fari, likitoci suka ce sai ta dawo domin saura. Tsohuwar nan ta raka su tasha da sandar rake biyu ɗaure cikin tsumma, ko da yake bakin bai buɗe yadda za ta iya sha ba tukuna.