Yaron da muka koya wa biyayya, wa zai yi wa ita?



Wasu iyaye a unguwarmu sun yanke shawarar kafa ƙungiyar 'yan sikawut don yara masu shekara 12 zuwa 17. Tunda maganar ta fita ake ta turo min tambaya guda: Malam, ya halatta kuwa, tunda abin na Turawa ne?

Asalinsa kam na Turawa ne, babu ɓoye-ɓoye. Wani hafsan sojan Ingila, Robert Baden-Powell, shi ya fara shi a 1907, lokacin da ya kwashi yara 20 ya kai su zango a tsibirin Brownsea. Sojan mulkin mallaka ne, har da shi a cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896. Amma wannan bai isa ya haramta abin ba. Ɗaure igiya, kafa tanti, tsayar da jinin wanda ya ji rauni, gane alƙibla da taurari, duk wasila ce, kuma wasila tana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da ita. Ramin Khandak dabarar Farisa ce, Salmanul Farisi ya kawo ta, Manzon Allah (SAW) ya karɓa har ya yi haƙa da hannunsa mai albarka. Wanda ya je Hajji ya ga samarin Kashshafa a Mina riƙe da taswira suna mayar da tsofaffin da suka ɓata zuwa tantinsu. To 'yan sikawut ne. In akwai wani lafazi a alƙawarinsu ko wata al'ada da ta saɓa wa shari'a, sai a cire, shi ke nan.

Ni damuwata tana wani wurin. Duk wanda ya zo tallata ƙungiyar, abin da yake fara cewa shi ne yara za su koyi ɗa'a da biyayya. Sai iyaye su gyaɗa kai. To amma 'yan uwa, ɗan daba ma fa yana da biyayya. Ku dubi 'yan kalare a Gombe, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan daba a Kano. Suna da shugaba, suna da kishin juna, suna riƙe sirri, in oga ya ce a tashi babu mai tambayar ina za a. Wallahi biyayyarsu ta fi ta yaranmu na gida. Ashe biyayya ita kaɗai ba nagarta ba ce. Linzami ce, abin dubawa shi ne hannun da ya riƙe ta.

Ba ina cewa kar a kafa ba. Ina tare da masu kafawa, domin yaro ɗan shekara 15 yana so a ƙirga da shi cikin maza, haka Allah Ya halicce shi. Abdullahi ɗan Umar ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana ɗan 14 aka mayar da shi, ya sake zuwa ranar Khandak yana ɗan 15 aka karɓe shi. Malaman sira sun kawo cewa da aka ɗauki Rafi'u ɗan Khadij saboda ya iya harbi, Samura ɗan Jundub ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u a kokawa, aka haɗa su ya kayar da shi, shi ma aka ɗauke shi. Wannan zafin yana nan a jinin yaranmu. In ba mu ba shi sahun da zai tsaya ba, akwai mai jiransa a bakin layi da ƙwaya da dubu biyu.

Sai dai akwai ƙissar da nake so duk mai shirin rataya usur a wuya ya haddace. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Aliyu (RA) cewa Annabi (SAW) ya tura runduna, ya naɗa musu shugaba, ya umarce su da yi masa biyayya. A hanya shugaban ya yi fushi, ya sa aka tara itace aka hura wuta, ya ce su shiga. Sai suka tsaya suna kallon juna, wasu suka ce ai gudun wuta ne ya kai mu wurin Annabi. Da labari ya isa Madina, Manzon Allah ya bayyana cewa da sun shiga ba za su fita ba, kuma biyayya a cikin abin kirki kawai take. Ku lura, bai tsaya kan laifin shugaban ba. Ya nuna cewa mabiyin ma da ya bi, da ya halaka. "Umarni aka ba ni" ba ta wanke mutum gaban Allah.

Na san wani zai ce: Malam, yaran yanzu da ma ba kunya gare su, kai kuma za ka koya musu cewa a'a? Maganar tana da nauyi. Yaron da aka ce ya share fili ya ƙi, ƙiwa ce, a hora shi. Wanda aka ce ya tashi asuba cikin sanyin hunturu ya yi ƙorafi, ya tashi dole. Biyayya a kan abu mai wahala ita muke so ya koya. Amma wanda aka ce ya mari wani, ko ya fasa taron wasu, ko ya ɓoye wa mahaifinsa wani abu, wannan in ya ƙi ya yi daidai, kuma ya kamata ya ji haka daga bakin shugabansa tun ranar farko. Matsalar ita ce ɗan shekara 13 ba kullum yake iya bambance biyun ba. Don haka nauyin ya dawo kanmu manya, mu tsara abin ta yadda ba za a jefa shi cikin wannan jarrabawar ba.

Shi ya sa ba na goyon bayan ɗan siyasa ya ɗinka musu kaki. Wanda ya ɗinka kaki yau, ranar kamfen zai nemi a jera masa yaran a bakin titi, kuma kunya ba za ta bari a hana shi ba. Gara a fara da farar riga ta gida, iyaye su yi karo-karo a hankali. Kar a ba su gora ko dorina. Duk mun taɓa ganin yaro ya sa kaki a wurin taro yana daka wa sa'an kakansa tsawa, kuma ba haka aka haife shi ba, kakin ne ya hau masa kai. Kar kuma ƙungiyar ta zama ta ɓangare ɗaya. Ɗan Izala, ɗan Tijjaniyya, ɗan Ƙadiriyya da almajirin tsangaya su ci tuwo a kwano ɗaya. Tsarin sikawut yana raba yara rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, shugabansu daga cikinsu. A riƙa juya shugabancin, wanda ya ba da umarni bana ya karɓa baɗi.

Akwai kuma abin da muke jin nauyin faɗa. Yaron da aka saba masa da "to oga" a kan komai, shi ne ya fi sauƙin faɗawa hannun mai lalata da yara, kuma irin waɗannan mutane wurin da yara ke taruwa suke nema, ba sa zuwa da alama a goshi. Kar babba ɗaya ya keɓe da yaro, ko malami ne, ko ni ne. In za a kwana a zango, a samu manya biyu ko fiye, iyaye su san wurin, kuma kowane uba yana da damar zuwa ba sallama ta musamman. Wanda wannan sharaɗin ya ɓata wa rai, kar a ba shi yara.

Wallahu a'alam.