Ta'aziyya Ga Ƙawata Da Ta Rasa Yayanta

Ƙawata, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Labarin rasuwar yayanki ya iso mana, kuma babu wanda bai girgiza ba a gidanmu. Ku Indiyawa ne mabiya addinin Hindu, mu Hausawa Musulmi, amma Kano ce ta raine mu tare. Ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma kowa ya san zafin rasa shi, ko da wane yare yake kuka.

Na san abin da ya fi tsaya miki a rai. Watan Shravan na kalandarku ya kusa, kuma daren da farin watansa ya cika shi ne ke kawo bikin Raksha Bandhan. Tun muna yara nake ganin yadda kike shirya faranti: 'yar fitila, ƙwayoyin shinkafa, jan gari da alawa. Ki ɗiga masa ja a goshi, ki ɗaura masa zaren rakhi a wuyan hannun dama, ki sa masa alawa a baki, shi kuma ya ba ki kyauta ya sabunta alkawarin tsaya miki. Ba ya cire zaren nan sai ya koɗe don kansa. Da aiki ya mayar da shi Mumbai, ta gidan waya kike aika masa, ba ki taɓa fashi ba.

Bana babu hannun da za a ɗaura wa. Gidaje da yawa a cikinku ba sa yin biki a shekarar farko ta rashi, don haka kada ki matsa wa kanki. In kuka ya zo, ki yi abinki.

Amma ki dubi abin da al'adarku ta daɗe tana koyarwa. Kwana biyu bayan bikin Diwali kuna yin bikin Bhai Dooj, wanda labaranku suka danganta da ziyarar da Yama, mai kula da mutuwa a imaninku, ya kai wa 'yar'uwarsa Yamuna, ta tarbe shi da abinci da girmamawa. Magabatanku sun san mutuwa sarai, duk da haka suka zaunar da ita a gidan 'yar'uwa, ƙarƙashin haƙƙin zumunci. A 1905 ma, da Turawan Ingila suka raba Bengal, mawaƙi Rabindranath Tagore ya jagoranci Hindu da Musulmi suna ɗaura wa juna rakhi a titunan Kalkata. Ashe zaren nan yana iya kaiwa nesa da ɗakin uwa ɗaya.

To, yayanki ya cika nasa alkawarin har ƙarshen numfashinsa. Yanzu amanar ta dawo hannunki. Ya bar mata da 'ya'ya, kuma a wurin mutanen Rajasthan har matar ɗan'uwa ake ɗaura wa rakhi a jikin awarwaro. Ki riƙe matarsa, ki ja yaran a jiki, ki riƙa ba su labarin mahaifinsu. Zumunci a ƙafa yake. Kada ki bari nisan Kano da Mumbai ya yanke shi.

Mu ma muna nan, ƙofarmu a buɗe take dare da rana. Ki miƙa gaisuwarmu ga Mama da sauran dangi. Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya sanyaya zukatanku, ya raya abin da ya bari.