Wanda ya saida karsana, yana da rabo cikin maruƙanta?

Ga wata tambaya. Mutum ya kai karsana kasuwa, ya saida, ya amshi kuɗinsa. Bayan shekaru ta haifi garke guda a gidan wanda ya saye ta. Shi kuwa mai saidawa ya tsufa cikin talauci. Yana da hakkin ya koma ya ce a ba shi maraƙi ko guda? Kowa zai ce a'a, ciniki ya faɗa. To, in abin da aka saida ba dabba ba ne, labari ne da mutum ya ƙago da kansa, hukuncin ɗaya ne? An yi irin wannan gardama a ƙasar Amurka. Ku saurari yadda ta kasance, kana mu auna ta tare.

A Amurka akwai ƙananan littattafai na labari da zane. Ana jera hotuna ɗaya bayan ɗaya, a rubuta maganar kowane mutum kusa da bakinsa. Wasu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, sun taso da son wannan aiki. Dukansu an haife su a 1914, kuma a lakkol suka haɗu. Siegel ke tsara labari, Shuster ke zanawa. Wajen 1933 suka ƙago wani jarumi mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, suka sa masa suna Superman. Kusan shekara 5 suna kai shi wurin masu buga jaridu da littattafai, ana maido musu.

A watan Maris na 1938 wani kamfani na birnin New York, mai suna Detective Comics, ya amshi labarin. Shafi 13 ne. Aka biya su dala 10 kowane shafi, dala 130 ke nan su raba su biyu. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Suka sa hannu bisa takarda wadda ta ce Superman ya zama na kamfani har abada.

Labarin ya fito cikin littafin Action Comics na farko a shekarar nan, yara suka yi ta rububinsa. A 1940 aka fara wasansa a radiyo, a 1941 ya shiga silima. Kamfani ya yi arziki. Mu faɗi gaskiya, bai kori samarin ba. Ya ɗauke su aiki na shekara 10, yana biyansu da kyau. Amma ladan aiki suke amsa, dukiyar kuwa ta wani ce.

A 1947 suka kai ƙara gidan shari'a, suna biɗar a maida musu abinsu. Alƙali ya duba takardar 1938, ya ce Superman na kamfani ne. A 1948 aka sasanta, aka ba su wajen dala 94.000, suka janye. Daga nan aikinsu ya ƙare, kuma aka cire sunayensu daga littattafan. Sun sake kai ƙara a 1969, ba su yi nasara ba. Idanun Shuster suka mutu kaɗan kaɗan har zane ya gagare shi, ya koma ɗan aike mai kai saƙo. Siegel ya koma ƙaramin akawu. Jaruminsu ya gama duniya, su kuwa ba wanda ya san su. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

A 1975 Siegel ya ji za a yi babban fim na Superman. Ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga jaridu, ya bayyana halin da suke ciki. Ƴan uwansu masu zane suka tashi, Neal Adams da Jerry Robinson na gaba. Suka yi magana a jaridu da talabijin. A watan Disamba na 1975 kamfanin Warner, wanda Superman ke hannunsa lokacin, ya yarda zai ba kowanensu dala 20.000 kowace shekara har mutuwa, da kuɗin magani, kuma a maida sunayensu. Da fim ɗin ya fito a 1978, sunayensu na ciki. Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996.

Yanzu mu auna. Mu fara da hujjar kamfani, domin ba a yanke hukunci da jin gefe ɗaya. Ba wanda ya tilasta wa samarin nan. Sun iya karatu, sun ga abin da ke cikin takarda, suka sa hannu. Wasu sun ƙi labarin, kamfanin nan ne ya yi kasada da kuɗinsa na takarda da tawada da masu tallatawa. Da labarin bai karɓu ba, ba zai je ya ce su maido dala 130 ba. In kuwa kowane mai saidawa zai iya warware ciniki da zarar ya ga riba, ba sauran mai sayen komi. Wannan hujja mai ƙarfi ce. Domin haka ba na cewa alƙali ya yi kuskure. Abin da doka ta ce shi ya bi.

Amma labari ba karsana ba ne, ta hanya uku.

Ta farko, karsana tana da farashi sananne. Mai saye da mai saidawa duk sun san abin da saniya ke iya haifuwa. Sabon labari kuwa ba wanda ya san darajarsa ranar da aka haife shi. Ku duba lissafin da kyau. Dala 10 ɗin nan ladan rubuta shafi ne da zana shi. Ke nan wahalar hannunsu aka biya, shi kuwa jarumin da duk abin da zai haifar, a gyara ya tafi. A 2024 an saida kwafi ɗaya tak na littafin nan na 1938 dala miliyan 6. Ranar da ya fito, kwafi goma ake saye da dala ɗaya.

Ta biyu, ƙarfin masu cinikin bai zo ɗaya ba. Lokacin Amurka na cikin matsin tattalin arziki, aiki ya yi wuya. Samarin sun gaji da yawo, kuma yawancin kamfanonin wannan sana'a haka suke sayen aiki, gaba ɗaya. Mun san irin wannan. Magidanci wanda rumbunsa ya ƙare tsakiyar damina yakan saida hatsinsa tun yana tsaye a gona, da araha. Ya yarda, ba shakka. Amma yunwa ce ta yarda da bakinsa. Yardar mai zaɓi daban, yardar wanda ba shi da mafita daban.

Ta uku ita ce mafi girma, wato suna. In ka sayi zane wurin masaƙi, zane ya zama naka. Kana iya ɗaura shi, ko ka saida, ko ka kyautar. Amma in aka tambaya wa ya saƙa, ba ka da ikon ɓoye sunansa. Wanda ya yi aiki shi ya yi shi, kuɗi ba su sake wannan. Ana sayen dukiya, ba a sayen gaskiya. Kamfani na da hujja wajen riƙe ribar, amma cire sunayen mutanen nan shekara kusan 30, wannan ba ciniki ba ne, horo ne domin sun kai ƙara.

Ga inda na tsaya. Doka tana tambaya mi aka rubuta. Adalci yana tambaya wa ya sha wahala, wa ya ci riba. Galibi amsar ɗaya ce, amma wani lokaci sukan rabu. In sun rabu, mutumin kirki ba ya fakewa da takarda. A 1975 shi kansa kamfanin ya ce doka ba ta ɗora masa komi ba, amma ya ga akwai nauyin da mutunci ya ɗora masa. Abin takaici, sai da tsofaffin nan suka wuce shekara 60, kuma sai da duniya ta ji, kana ya tuna da wannan nauyi.

Masu yin doka ma sun gane. A 1976 Amurka ta yi sabuwar doka wadda ta ba mai ƙago labari, ko magadansa, damar biɗar hakkinsa ya dawo bayan shekara 56 da fitowar aikin. Iyalan Siegel sun bi wannan hanya. A 2008 wani alƙali ya ba su rabo, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sun riga sun yi yarjejeniya da kamfani a 2001, dole a bi ta. Kun ga, takarda ce ta sake yin magana.

Akwai abu biyu da za mu riƙe. Na ɗaya na mai saidawa ne. Iya karanta takarda bai isa ba, tun da Siegel da Shuster sun iya. Sai ka tambaya: mi na bayar daidai, ƴaƴan itace ko itacen da saiwarsa? Har yaushe? In riba ta zo, ina rabona? Sunana fa? Kada ka je kai kaɗai, ka shawarci abokan sana'arka. Abin da ƙara biyu ba su samo wa mutanen nan ba, ƴan uwansu masu zane sun samo musu cikin ƴan watanni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu na mai saye ne. In ka sayi abu da araha hannun mai buƙata, ya zame maka arziki, shari'a ba za ta kama ka ba. Amma ka san ƙofar gidansa. Ko mai garken nan, ba a tilasta masa ba da maraƙi. In ya bar tsohon ya kwana da yunwa alhali nono na zuba a gidansa, mi mutanen gari za su kira shi?

Ku tattauna wannan a dandali. Ku mi kuka gani?