Algus sai a ciniki kawai?

'Yan uwa, mu huɗu muka duƙufa kan tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifina, Allah ya jiƙansa. Saura kwana shida bikin ƙanwata, a cikinta nake son a kai amarya. Kuɗi ya rage na aiki ɗaya: ko fenti ko birki. Abokina ya ce, "Malam, fenti ake gani, birkin ai yana ɗan kamawa." Wallahi zuciyata ta karkata.

Sai na tuna mai hatsin da Annabi (SAW) ya tarar ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa. Ni ba sayarwa zan yi ba, amma duk wanda ya ga ƙyalli ya shiga, ai na ruɗe shi, kuma ransa ya ba ni amana, ba kuɗinsa ba.

Birki muka gyara. Amarya ta tafi a mota mai tsatsa, gwaggona har yau tana mita.