ABIN DA MUKA GANI A BURMI

Kwanan baya tafiya ta kai mu Bajoga, a ƙasar Gombe, muka kwana. Da gari ya waye aka raka mu kufan Burmi, kusa da kogin Gongola.

A nan ne aka gwabza yaƙi ran 27 ga Yuli, 1903. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na shekaran nan, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a mai yawa suka bar gida da gona suka bi shi. A Burmi aka cim masa. Ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa. Manjo Marsh, wanda ya ja sojan Turawa, shi ma ran nan ya faɗi. An nuna mana kaburburansu. Ƙasa ɗaya ce ta rufe su duka biyu, garin kuwa bai sāke tashi ba.

Muka tsaya shiru, muna tunani. Turawa suka ci nasara, amma a 1960 suka naɗe tutarsu suka koma gida. Shekara 57 ke nan kawai. Ashe abin da takobi ya kafa ba ya daɗewa.

Ubangijinmu ya san wannan. A daren da aka bashe shi, Bitrus ya zare takobi, Yesu kuwa ya hana shi (Matiyu 26:52). Da jinin kansa ya kafa mulkinsa, ba da jinin maƙiyansa ba. Shi ya sa mulkin nan yana tsaye har yau.

Da maraice muka koma Bajoga, muka tarar da jama'a suna ciniki, yara suna wasa. Zuciyarmu ta kāshe mu, gama mun tuna da namu yaƙe-yaƙe. A cikin ekklesiya akwai waɗanda ba sa ga maciji saboda iyakar gona, ko kujerar dattijo. Akwai masu riƙe maƙwabcinsu Musulmi a zuci. Mu ma masu wa'azi ba mu kuɓuta ba.

Ɗan'uwa, in ka ci nasara a kan ɗan'uwanka, me ka samu? Kabari ɗaya ne rabonka, ɗaya nasa. Kafin ka zo Jibin Ubangiji, je ka nemi sulhu da shi, tun da sauran rana.

Allah ya ba mu ikon yi. Amin.